Tsatsar da Ta Kama Gitar Ikkilisiya

'Yan'uwa a cikin Ubangiji, akwai wani mutum, tela ne, shi ne kuma makaɗin gita a wata ikkilisiya. Dattawa suka sayi gita mai aiki da lantarki, suka danƙa masa ita amana. Yana da aboki a ƙungiyar mawaƙa mai suna Filibus, mai sayar da busasshen kifi. Tun suna samari tare suka koyi kiɗa, in wannan ya gaji sai ya miƙa wa wancan.

A gindin gitar akwai wani ƙarfe mai ƙyalli inda tsirkiyoyi suke kamawa, da 'yan ƙananan sukurori a jikinsa. Wata Lahadi telan ya buɗe jakar gitar, sai ya ga ja-ja a kan ƙarfen nan. Ya kai farce ya karce, ashe tsatsa ce.

Ya ce, "To, daga ina? Ruwa dai bai taɓa ta ba."

Ya koma gida ya ɗauko soson ƙarfe na wanke tukunya, ya dirje wurin har ƙyallin ya tafi tare da tsatsar. Ba a jima ba ta dawo, ta fi ta dā yawa. Ya ce ai laimar damina ce. Sai ya riƙa cusa gitar cikin leda da an tashi sujada, ya ɗaure bakin tamau. Ina, sai ma ta ƙara yaɗuwa, har sukurori biyu suka cije suka ƙi murɗuwa. Ya duba rufin ɗakinsa, ba ya yoyo. Ya sauya mata wurin ajiya, ya sauya jaka. Abin ya ɗaure masa kai ƙwarai, yana kan keken ɗinki amma hankalinsa yana kan gita.

Ku da ke murmushi a baya can, ku saurara. Mutum in ya rasa dalili, ba ya haƙura, sai ya nemo wanda zai ɗora wa.

Ran gwajin waƙa Filibus ya miƙo hannu zai karɓi gitar kamar yadda suka saba. Telan ya janye ta, ya ce a gaban kowa, "A'a, ɗan'uwa. Hannun kifi ne ke cinye mana kayan ikkilisiya."

Aka yi dariya. Filibus ya ɗauki hularsa ya fita. Daga ranar bai ƙara zuwa gwaji ba, ran Lahadi kuma sai ya zauna can kusa da ƙofa.

Yanzu ba mai taɓa gitar sai telan kaɗai. Tsatsa kuwa ba ta fasa ba. Ya zauna ya zuba wa ƙarfen ido, ya ce wa matarsa, "Ni fa na rasa gane kan abin nan. Na hana ta ruwa, na hana ta iska, na hana ta Filibus. Me ya rage?"

Ta ce, "Ni dai abin da na sani, Baban Saratu, ka rasa aboki, tsatsa kuma tana nan."

Ana nan, sai almakashi ya yanke shi a hannun dama, ciwon ya kumbura, kiɗa ya gagare shi. Fasto ya je ya roƙi Filibus ya karɓi kiɗan, shi kuwa ya amsa. Ya kwance tsirkiyoyin, ya bi ƙarfen a hankali da tsohon buroshin haƙori da man keken ɗinki, har sukurorin suka saki. Makonni suka wuce yana kaɗawa da hannun nan nasa na kifi, tsatsa ba ta dawo ba.

Nan fa kan telan ya ƙara ɗaurewa. Wata Lahadi bayan addu'ar rufewa ya ƙi tashi, ya zauna yana kallo. Jama'a suka yi waje ana gaishe-gaishe, amma Filibus ya zaro busasshen ƙyalle daga aljihu, ya goge ƙarfen, ya bi ƙarƙashin tsirkiyoyi, ya bar gitar ta sha iska kafin ya sa ta a jaka.

Telan ya matso ya ce, "Me kake gogewa?"

Filibus ya ce, "Gumina. Akwai gishiri a ciki."

Telan ya ɗora hannunsa mai ciwo a kan gitar yadda ya saba kaɗawa. Gefen tafinsa ya sauka daidai inda tsatsar ta ci. Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa kansa. A gwaji na gaba ya tsaya a gaban dukan mawaƙa ya roƙi gafara, Filibus kuwa ya yafe masa da zuciya ɗaya.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Gitar ita ce zumuncin da Ubangiji ya ba mu amana, a gida da cikin ikkilisiya. Gumin shi ne ƙananan laifofinmu na kullum, baƙar magana, fushi, girman kai. Kowa yana da su, mai hidima ma yana da su, a cikin hidimar ma suke fita. Ledar ita ce ɓoyewa da muke yi, mu ƙunshe laifi mu ɗaure, muna cewa tsari ne. Ƙyallen kuwa shi ne tuba tun abin yana ɗanye. Filibus bai fi telan tsabtar hannu ba, ya dai san hannunsa yana ɓarna, shi ya sa yake gogewa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mukan bincika rufi, mu bincika damina, mu bincika maƙwabci, amma hannunmu ba ma dubawa. In akwai wanda kuka ɗora wa laifi, kada ku wuce ƙofar nan yau ba ku neme shi ba, gama jinkiri yana barin tabo. Ƙarfen gitar ya wanku, amma 'yan ramukan da tsatsa ta ci suna nan. Filibus ma ya yafe, amma har yau in ya bi ta kasuwa, akwai masu ce masa Hannun Kifi, telan yana ji, ba shi da ikon hana su.