Ladingo da Shimfiɗar Ƙorama

To, ku gyara zama. Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Wata mata ce, sunanta Ladingo. Ba miji, ba ɗa, sai akuya guda. Akuyar nan kuwa ba ta san kunya ba. Ta ci shanyar wannan, ta ci zanen waccan, ta leƙa tukunyar wancan. Kullum ƙara, kullum "Ladingo, akuyarki." Ran nan mai unguwa ya ce ko ta yanka akuyar, ko ta bar garin. Ladingo ta dubi akuya, ta dubi mutanen gari, ta ga akuyar ta fi su daɗin zama. Ni ma ban ga laifinta ba.

Ta ɗauki fartanya da gatari da tulu, da ƙwaryar irin gero, ta ja akuyarta. Ta yi ta tafiya, ta yi ta tafiya, har ta daina jin dakan gari. Can cikin daji ta iske wani fili, yashi fari tas, ba ƙaya ba tsakuwa. Lokacin rani ne. Ta tona yashin kaɗan, sai ruwa ya tsattsafo. Ta ce, "Nan zan yi ɗaki." Ba ta tsaya ta tambayi kanta wa ke share wurin ba.

A gefe akwai jar ƙasa. Ta fara haƙa. Tana haƙa, tana haƙa, sai ta tono Kwaɗo yana barci.

Kwaɗo ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Baiwar Allah, me za a yi da ƙasa?"

Ta ce, "Ɗaki zan gina a filin can."

Ya ce, "Shimfiɗar uwar ɗakina ce, Ƙorama. Ta tafi cin rani. Ni ta bar wa jiran wurin."

Ladingo ta ce, "In ta dawo ma gaisa."

Kwaɗo ya ce, "To." Ya rufe idonsa.

Ta haƙi ƙasa, ta zuba ruwa, ta yayyanka ciyawa a ciki, ta tattake da ƙafa. Ta bar ta ta kwana, ta sake tattakewa, har ta yi danƙo. Ta mulmula tubali, ta jera a rana. Da suka bushe ta fara ɗora gini, layi bisa layi, tana barin na ƙasa ya sha iska kafin ta ɗora na sama. Gini na tashi, rami na zurfi. Da yake ba mai taya ta ɗagawa, a kan ginin ta haɗa jinka, ta ɗaure da igiyar rama, ta baibaye da shuci. Ta juya ƙofa yamma, don ruwan sama daga gabas yake zuwa. Duk ta san wannan. Ruwan ƙasa ne ba ta yi lissafinsa ba.

Ɗaki ya yi kyau. Ta yi daɓe, ta kafa murhu. Tana cin kuka da zogale, tana shan nonon akuya, ba mai kiran sunanta. Da aka yi ruwan fari ta shuka geronta kaf a bayan ɗaki. Akuya kuma, da ma da ciki ta zo, ta haifi 'ya'ya biyu.

Ran nan da la'asar hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwa. Sai Ladingo ta ji waƙa daga kan tudu:

"Na je cin rani na dawo,
Wa ya zauna a shimfiɗata?
In dutse ne in kewaye shi,
In ƙasa ce in tafi da ita."

Ga Ƙorama nan tafe, ja wur, da kumfa a baki. Ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce, "Wa ke ciki?"

"Ni ce, ranki ya daɗe, Ladingo. Sannu da hanya."

Ƙorama ta ce, "Ba a gaya miki ba?"

"An gaya mini."

"To, yau gaisuwa na zo. Zan sake zuwa in duba. Zuwa na uku kwanciya zan yi." Ta lashi gindin ginin, ta wuce.

Ladingo ta duba, gindin bango ya zaizaye. Ta koma raminta ta ɗebo ƙasa, ta ɗaga dakali kewaye da ɗakin, ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ta shafe shi har yana ƙyalli. Ta ce yanzu sai ta gani.

Aka sake yin hadari, aka sake yin ruwa, waƙa ta sake tasowa:

"Na je cin rani na dawo,
Wa ya zauna a shimfiɗata?
In dutse ne in kewaye shi,
In ƙasa ce in tafi da ita."

Ƙorama ta iso ta dubi dakalin ta ce, "Aiki ya yi kyau." Ta haɗiye shi. Ta shiga ɗaki ta kashe wuta, ta ɗauke asabari, ta fita. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba.

Nan fa tsoro ya kama Ladingo. Gari ba ya komuwa. Gero ya fito, ba ya ɗaukuwa. 'Yan akuya ba su yi ƙwarin tafiya ba. Sabon gini kuwa, wa ya taɓa busar da tubali a tsakiyar damina? In ɗakin nan ya tafi, ita da su sun zama na ruwa da kura.

Ta ɗauki fartanya ta nufi ramin, don ba ta san abin yi ba sai ɗiban ƙasa. Sai ta iske Kwaɗo a ƙasan ramin, ya miƙe ƙafa cikin ɗan ruwan da ya taru, yana ta waƙa.

Ta ce, "Malam Kwaɗo, kai daɗi kake ji."

Ya ce, "Ban taɓa samun masauki irin wannan ba. Ba turi, ba gangara. Uwar ɗakina tun da aka halicce ta ba ta taɓa kwana wuri ɗaya ba. Ko a shimfiɗarta juyi take yi, tana kukan ciwon baya."

Ladingo ta dubi ramin, ta dubi ɗakin. Sai ta shiga aiki. Ta ƙara wa ramin faɗi. Ta daɓe ƙasansa da yumɓu sumul. Ta ja kwata tun daga kan tudu, ta bi da ita nesa da ɗaki, ta kawo ta bakin ramin. Ƙasar da ta fito, ta tare gefen ɗakinta da ita.

Hadari na uku ya zo baƙi ƙirin. Ƙorama ta taho da itace da duwatsu, tana waƙarta. Ladingo ba ta jira ta a ɗaki ba, ta tarye ta a kan tudu, ta durƙusa.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, an gama."

"An gama me?"

"Ɗakinki. Mace kamarki tana kwana a fili, shanu na taka ta? Tun rani nake haƙa miki shi. Wancan da kike gani, ƙasar da na kwashe daga naki ce, na rasa inda zan zuba ta, na tara ta ina fakewa a ciki."

Ƙarya ce, amma ƙarya mai kyan gini.

Ƙorama ta ce, "Ni aka yi wa ɗaki?" Ba a taɓa yi mata ba. Ta bi kwata, ta leƙa, ta gangara. Ta kwanta, ta miƙe, bayanta ya saki. Ta ce, "A bar wa matar nan tarin ƙasarta." Ta yi barci.

Damina ta wuce, Ladingo ta girbe geronta. Rani ya shigo, Ƙorama ta farka ta ce za ta tafi cin rani. Ta juya nan bango, ta juya can bango.

Ta ce, "Ladingo, ina ƙofa?"

"Inda kika shigo, ranki ya daɗe. Ga ta can sama."

Ƙorama ta dubi ƙofar ta daɗe. Ta ce, "Kin san ban iya hawa ba."

Ladingo ta ce, "Na sani." Ta tsoma tulunta ta cika.

Shekarar nan rijiyoyin gari suka ƙafe. Mutane suka ji labarin ruwa a daji, suka zo da tuluna, mai unguwa a gaba. Da suka sha, suka ce tafiyar ta yi nisa, gara su zauna. Suka haƙi ƙasa, suka yi tubali. Shi ya sa har yau duk inda kuka ga gari, za ku ga kududdufi kwance a gefensa.

Ba a jima ba Ladingo ta ji sallama a ƙofa, ana cewa, "Ladingo, awakinki." Yanzu kuwa su uku ne.

Ta leƙo ta ce, "Ko ku ɗauke shanyarku, ko ku bar garin."

Suka ɗauke shanyarsu.

Kafin ka kafa gini, tambayi mai wurin. In ka riga ka kafa, kuma ya fi ƙarfinka, to ka nema masa wurin kwana.

Ƙurunƙus kan ɗan kwaɗo. In akwai ƙarya a ciki, Gizo ne ya zuba ta a cikin kwaɓin.