Kwano Ɗaya Cikin Uku

Akwai wani matashi a wajen Bunkure mai suna Badamasi. Mahaifinsa ya rasu ya bar masa gonar shinkafa a bakin kanal ɗin ban ruwa, kuma ita ke ciyar da mahaifiyarsa Barira da ƙannensa shekara guda.

Badamasi ya yi karatun lissafi a Kano, kuma ba ya bari a manta.

Da noman rani ya zo, iri kwano talatin yake buƙata, dubu sittin da shida ke aljihunsa. Wato kowane kwano kada ya wuce dubu biyu da ɗari biyu. A kasuwa ya tarar da iri biyu: mai saurin nuna dubu uku, mai jinkiri dubu ɗaya da ɗari takwas.

Nan take ya buga lissafi a waya. Cikin kowane kwano uku, ɗaya na mai tsada, biyu na mai araha, farashi ya zauna daram.

Malam Iliyasu, mai sayar da irin, abokin mahaifinsa ne. Ya ce, “Ɗana, in ta ci ce, gauraya. Amma iri ba a haɗa shi. Sayi mai arahar zalla.”

“Baba, lissafi ne. Ba zai yi ƙarya ba.”

Dattijon ya auna masa.

Lissafin kuwa bai yi ƙarya ba. Bayan wata uku, kashi ɗaya ya nuna jawur, kashi biyu ko ƙwaya ba su ɗaura ba, duk a cakuɗe cikin kowane fangalin gonar. In ya yanke, galibi ƙaiƙayi zai kwasa. In ya jira, nunanniyar ta zube.

Ya jira. Kullum yana zaune a bakin kanal, tsuntsaye na sauka, ko hannu ba ya ɗagawa. Ba baƙin ciki yake ji ba, ba ya jin komai ne kawai.

Buhu goma sha ɗaya ya kai gida, inda mahaifinsa ya saba kawo talatin.

Barira ta dubi buhunan, ba ta yi faɗa ba. Da yamma ta ɗebi kwano uku kamar kullum za ta ɗora tukunya, ta tsaya jim, sannan ta mayar da biyu cikin buhu. Badamasi na kallo.

Darasi: Lissafi zai daidaita maka farashi, amma ba zai daidaita ranar nuna ba. Kada karatu ya hana ka sauraron wanda ya tsufa a sana'a. Tura wa wani manomi kafin ya sayi iri.