Mutumin da Ya Jira Wa'adin Ƙara Ya Cika

An yi wani mutum a Kaura Namoda, ɗan kasuwa, mai sayar da taki da iri. Ba zan faɗi sunansa ba, don iyalinsa suna nan da rai.

Amininsa ya rasu, ya bar mata mai suna Lubabatu da 'ya'ya huɗu, da wani fili mai takarda a bakin titi. Da ta gama takaba za ta koma wurin iyayenta a Gurbin Bore, sai ta ba mutumin nan amanar filin.

Shekara ba ta kewayo ba ya tayar da shaguna shida a kai. Lubabatu ta zo ta gani, ta ce, "Alhaji, mi nika gani haka? Wanga fili na marayu ne."

Ya ce, "Sai dai ki yi haƙuri, ginin nawa ne. Amma za mu zauna da malamai a sasanta. Kar ki kai mu kotu, mutane su yi muna dariya."

Ya 'yan uwa, ashe ya riga ya tambayi wani lauya. Lauyan ya gaya masa dokar jiha ta sa wa irin wannan ƙara wa'adi; in shekarun suka cika mai hakki bai shigar ba, kotu ba za ta saurare shi ba. Sai mutumin ya zauna yana ƙirga shekaru.

Kuna tsammanin ya samu kwanciyar hankali? Motar Zurmi, wadda ke zuwa daga wajen su Lubabatu, ba ta tsayawa a tasha gabansa bai faɗi ba. In baƙo ya yi sallama da takarda a hannu, sai gumi ya keto masa, yana zaton sammaci ne. In Lubabatu ta zo, ga hanya ba lafiya, ya ba ta buhun gero, ya ce zaman sulhu sai bayan Sallah. Bayan Sallah ya ce bayan kaka.

Babban ɗanta Shu'aibu ya girma, ya shigar da ƙara. Alƙali bai ma kira shaidu ba. Ya duba shekaru, ya ce wa'adi ya wuce da wata biyar, ya kori ƙarar. Lubabatu ta tsaya a bakin kotu, ta ce, "Alhaji, na bar ka da Allah." Ta juya ta tafi.

Maganar nan ta bi shi. Ya rame, abinci ya daina shiga. Mutane suka rage gaishe shi. Kullum yana cewa zai je ya nemi gafararta, in hanya ta yi sauƙi.

Ranar kasuwar Shinkafi, da tsakar rana, ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye. Da kyar ya fahimtar da 'ya'yansa cewa a mayar da filin. Suka ce, "Baba, kotu ta gama magana. Ciwo ne ke sa ka wanga zance."

Sai ya roƙi Ɗanasabe direba, da hannu da hawaye, ya je ya ɗauko Lubabatu. Ɗanasabe ya dawo shi kaɗai. An yi jana'izarta kwana tara da suka wuce.

Shekara biyu ya yi a kwance, yana jin 'ya'yansa a tsakar gida suna faɗa kan shagunan, har ya cika.

Ya 'yan uwa, doka ta sa wa'adi ne don kar husuma ta dawwama, ba ta halatta wa kowa hakkin wani ba. Mai hakki, kar daɗin baki ya zaunar da kai. Je ka tambayi masana tun da wuri. Kai kuma mai riƙe da kayan wani, wa ya ba ka tabbacin za ka iske shi da rai gobe? Tashi ka mayar yau.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya sa kar mu mutu da hakkin maraya a wuyanmu. Amin.