Makanikin da Ya Hau Gyaransa

An yi wani mutum a Buza, makanikin moto, wato babur. Ba zan faɗi sunansa ba, yana nan da rai, kuma abin da ke kansa ya ishe shi. Na gaji da ba da irin wannan labari, ya 'yan uwa, amma tunda ba mu gaji da aikatawa ba, sai ku saurara.

Mutumin nan ya san aiki, haƙuri ne ba shi da shi. Idan birkin gaba ya yi laushi, ka matsa ka ji kamar ka matsa burodi, to iska ce ta shiga tiyon man birki. Maganinta a tsuguna a fitar da ita: a matsa birki, a sassauta ɗan notin da ke ƙasa, mai ya fito da kumfa, a ɗaure, a sake, har kumfar ta ƙare. Aikin rabin awa ne, da ciwon baya.

Shi kuwa sai ya samo gajeriyar hanya. Zai ƙara mai kaɗan ya koma inuwa. In ya hango mai moto tafe, sai ya yi ta matsa birkin da sauri. Birki mai iska in an yi masa haka yakan yi tauri na ɗan lokaci. Mai moto ya taɓa, ya ji ƙarfi, ya yi godiya. Wanda ya dawo da ƙorafi, a ce masa motonsa ne ya tsufa. Shekaru yana haka.

Wata rana Isaka, ɗan kabu-kabu mai 'ya'ya biyar, ya kawo nasa. Ya roƙe shi ya duba da kyau, don zai gangara dutse da buhun albasa ta hanyar Babankatami. Makaniki ya yi masa irin gyaran da ya saba.

Isaka na ɗaure buhu, sai waya ta shigo wa makanikin. Yayansa ya rasu a ƙauyensu, can ƙasan dutsen, kuma za a kai shi kafin la'asar. Babu mota a tasha. Mutanen garaji suka taru suna yi masa ta'aziyya. Isaka ya matsa gaba a kan kujera ya ce, "Hau in kai ka, maigida, ai hanyata ta. Mi kaka jira?"

Me yake jira? Magana ɗaya ce ta rage masa: sauka, ban gyara ba. Ya dubi mutanen da ke tsaye, ya ji kunyarsu. Bai ji kunyar Allah ba. Ya gaya wa ransa ai akwai birkin baya. Ya hau.

Suka kama hanya, bai gargaɗi Isaka ba. A tsakiyar gangara, bayan wata kwana, suka tarar da shanu sun cika hanya. Isaka ya matsa birkin gaba, hannu ya tafi har ƙarshe babu abin da ya kama. Ya taka na baya, taya ta ja a kan tsakuwa. Mutum biyu da buhu, ina birki ɗaya zai riƙe su?

Makanikin bai ga jana'izar yayansa ba. Ya farka a asibiti, ƙugunsa a karye, kuma har yau bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Isaka ya kwana biyu a gadon da ke kusa da nasa kafin ya cika. Da danginsa suka fara zargin birki, ya tattara sauran ƙarfinsa ya ce, "Kar ku ɗora mishi. Ni da hannuna na taɓa, gyara ya yi."

Har yanzu Habsa, matar Isaka, takan aiko masa da fura ranar Juma'a, wai abokin wahalar mijinta. Yana karɓa. Bai gaya mata ba. Ni ya gaya wa, yana kuka, ya ce ba ya iya shan furar.

Ya 'yan uwa, aikin da mai shi ba zai iya gani ba, nan amana take. Ha'inci ya fara kai mutumin nan ƙasa, amma shiru ne ya ƙarasa shi. In ka ɓata, faɗi tun ana iya gyarawa.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar wanda ya yarda da mu, ya buɗe bakinmu tun kafin lokaci ya ƙure. Amin.