Tambarin Kwaɗi a Gidan Burgu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu huta.

Burgu dai kullum cika bakinsa ɗaya ne: "Abin da ya shigo gidana, ko gara ba ta isa ta lasa ba!"

Gidan kuwa na adana kayan tarihi ne, cike fal da kayan mutane. A tsakiya ga tambarin kwaɗi a lulluɓe da ƙyalle. Zamanin kakansa ne burgaye suka ƙetaro kogi da bindiga, suka ƙone garin kwaɗi, suka yi gaba da shi. Burgu ya ce tsintuwa ce.

Da tambarin nan kwaɗi ke kiran ruwa. Tun da aka ɗauke shi sai dai su yi ta kira da baki, har muryarsu ta dushe.

Kowace bazara Baba Ɗanfadama, tsohon makaɗin kwaɗi, zai jawo ƙafa ya zo da ƙwaryar man shanu, don a al'adarsu fatar tambari sai da shafa. Burgu ya karɓe man, ya ce shi zai shafa da kansa.

"Ranka ya daɗe, tambarinmu fa?"

"Haba Baba! Gidanku danshi, ruɓewa zai yi. Sai baɗi."

Baɗi ta zo.

"Ranka ya daɗe, tambarinmu fa?"

"Haba Baba! A nan duniya ke zuwa kallonsa. Wa zai bi ku cikin taɓo? Sai baɗi."

Baɗi ta zo, baɗi ta wuce. Burgu ya yi ƙiba har ƙofar rami tana matse shi. Shi kansa ya gaji da ƙirƙiro dalili, sai ya koma maimaita tsofaffi.

Wata shekara fari ya yi tsanani, fadama ta tsattsage. Baba Ɗanfadama ya iso da ƙyar, ya zauna a ƙasa.

"Yaro, na gaji, kai ma ka gaji. Ban ce ka ba ni ba. Bari in buga sau ɗaya a nan, ruwa ya sauka, in tafi."

Burgu ya yi wuf ya tare gaban tambarin. "Dokar gida, ba a taɓawa."

"To ka buga da kanka."

"Hannuna ciwo."

Baƙin da suka zo kallo suka ce a buga mana, su ma ƙishi suke ji. Kafin Burgu ya laluɓo wani dalili, tsoho ya yaye ƙyallen. Sai ga ice rangwam, baki buɗe, babu fata ko ta ɗaurin laya. Ashe tun shekarar farko Burgu ya lashi man da ke jikin fatar, daɗi ya ja shi, ya haɗa da fatar.

Burgu ya dafe ƙirji. "Innalillahi! Gara!"

Tsoho ya dubi sawun haƙora a bakin icen, ya dubi maiƙon da ke gashin bakin Burgu.

"Garar gidan nan tana da manyan haƙora, ranka ya daɗe. Har wutsiya gare ta."

Ya ɗora icen a ka ya kama hanya. Burgu ya bi shi da kira: "Aro fa na ba ku! Ku kula da shi!"

Shi ya sa har gobe kwaɗi ke kiran ruwa da baki.

Ƙurunƙus kan burgu. In wani ya ce yana adana maka kayanka, kada ka tsaya duban ƙyallen, dubi gashin bakinsa.