Ranar da Motar Shara Ta Kwashe Kujerunmu

Lenny Pavlik mutum ne mai hazaƙa da son jama'a, amma yana da aibi ɗaya: bakinsa ba ya iya furta "na yi kuskure". Tun yana yaro haka yake. Ya taɓa fasa mini gilashin taga da ƙwallo. Ya zo ya share, ya yi ta yi mini aike har na gaji da ganinsa, amma kalmar ba da haƙuri ba ta fito ba. Mijina Stosh, Allah ya jiƙansa, ya yi dariya ya ce, "Bernie, ƙyale shi. Wuyansa ne ba ya lanƙwasa."

A unguwar Ƙasan Gada muke, layin da ke bayan tsohuwar masana'antar ƙarfe. Gidan uwarsa Dolores yana kallon nawa. Tare muka yi auren ƙuruciya, tare muka binne mazajenmu. Ni ina da rumfa a kasuwar unguwa, ina sayar da kabeji mai tsami da firogi, wato ƙullin fulawa mai dankali da cuku a ciki. Kowa ya san ba a taya mini kaya. Abin da na faɗa shi ne kuɗinsa, wanda bai yarda ba ga hanya nan.

Da Lenny ya fito takarar kansila, mu muka ɗaga shi. Mazaɓarmu ta haɗa Ƙasan Gada da Kan Tudu, inda masu hali suke, amma mun fi su fitowa ranar zaɓe. Ni na fara liƙa hotonsa a tagata, sauran layin suka bi. Kuma ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya hana a soke bas ɗin da ke kai mu asibiti. Ya sa an gyara fitilun titi. Shi kaɗai ne a majalisar birni yake faɗa a kan rufin kasuwarmu da ke yoyo. Ko da ya yi aure ya koma Kan Tudu, gida mai gareji, ba mu riƙe shi a zuci ba. Yana zuwa rumfata ya ce, "Anti Bernie, a zuba mini na dozin, a yi ragi." In ce, "Ragin yana gidan ubanka." Ya yi dariya ya biya.

Mu a layinmu babu mai gareji, a bakin titi ake ajiye mota. In dusar ƙanƙara ta sauka, kowa ya ɗauki shebur ya tone wurin motarsa. Aiki ne mai karya baya. In ka gama za ka fita, sai ka ajiye kujera a wurin. Duk wanda ya ga kujera ya san gumin wani ne, ba ya taɓawa. Ba doka ba ce. Dokar birni ma cewa ta yi kada a tare titi, amma babu ɗan sandan da ya taɓa ɗaga kujerar wani, don shi ma uwarsa tana da tata. Haka muka tarar, haka muke yi.

Tawa koriya ce ta katako, ƙafarta ɗaya an ɗaure da waya. A kanta Stosh yake zama a baranda tun da ƙurar masana'anta ta cinye masa huhu. A nan yake gaisa da masu wucewa, a nan yake jirana in dawo daga kasuwa. Bayan rasuwarsa na ci gaba da fitar da ita lokacin sanyi. In na shawo kwana da yamma na hango ta tsaye cikin farin titi, sai in ji kamar har yanzu akwai mai jirana.

Wata shekara jaridar gari ta buga hoton layinmu, kujeru jere har da teburin guga da kwandon wanki, aka yi rubutun ba'a a ƙasa. Abokan aikin Lenny suka samu abin tsokana. A daidai lokacin kuma wasu 'yan kasuwa daga babban birni za su zo duba tsohuwar masana'antar, wai za su mayar da ita gidajen haya. Lenny ya ji kunyarmu. Bai zo ya tara mu ba, bai ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Sai ya tuna da waccan dokar da ke barci.

Ina kasuwa da hantsi maƙwabcina Otis Pruitt, tsohon direban bas, ya shigo yana haki.

"Misis Hudak, rufe rumfar nan ki zo. Motar shara ta bi layi."

"To yau ba ranar shara ba ce?"

"Ba shara ta kwasa ba. Kujeru. Na bi su da sandata ina magana, yaran suka ce umarni ne daga ofishin kansila. A gabana injin ya matse ta Stosh. Na ji ƙarar katakon."

Na koma gida. Titi fes, ga ramukan da muka tone, motocin baƙi har sun fara shiga. Na tsaya a inda kujerata take tsayawa. Ban yi kuka a titi ba, ni ba a ganin hawayena a waje. Da na ɗaga kai sai na ga kujera ɗaya tak ta tsira, tana kan barandar Dolores.

Da yamma Dolores ta shigo kicin ɗina ko riga mai kauri ba ta sa ba. Ta ce, "Bernie, waya ya yi mini da safe. Cewa kawai ya yi, Mama, shigar da kujerarki yau. Na ɗauka iska za a yi. Da na sani da a tsakiyar titi zan zauna a kanta." Na zuba mata shayi.

'Yan kasuwar sun zo, sun zagaya cikin mota mai baƙin gilashi, sun tafi. Ba su dawo ba.

Zaɓen fidda gwani yana tafe a farkon bazara, kuma wata likitar haƙori daga Kan Tudu ta fito takara da shi. Hotunan Lenny suka fara ɓacewa daga tagogi. Nawa ban cire ba, na juya fuskarsa ciki kawai. Sai ga shi a rumfata ranar wata Asabar, da dogon kwat da takalmi mai sheƙi.

"Misis Hudak, sannu da kasuwa."

"Yaushe na daina zama Anti?"

Ya yi murmushi ya sosa ƙeya. "Anti Bernie. Na ji abin da ya faru da kujerarki. Na yi magana da mai shagon kayan ɗaki. Kowa a layin zai samu sabuwa, daga aljihuna."

"Sabuwa Stosh ya zauna a kai?"

Ya ce, "Kuɗin rufin kasuwa ya kusa fitowa. In na faɗi, babu mai waiwayar ku. Kin san haka."

"Na sani."

"To ki juya hoton nan. In kin juya, layin zai bi. Idan aka gyara kasuwa, rumfar bakin ƙofa taki ce."

Na ajiye cokalin hannuna. Na ce, "Lenny, tun kafin a yaye ka nake ciniki a nan. Kai kake neman kaya, ni zan faɗi kuɗinsa. Ka bi layin gida gida, ka ƙwanƙwasa, ka ce ka yi kuskure. In dusa ta sake sauka ka ɗauki shebur ka tone wa tsofaffi."

"Haba Anti. Ni fa kansila ne. Doka na bi."

"Dokar tana nan lokacin da ubanka yake ajiye bokitin fenti a titi. Ba ta ciji kowa ba."

Ya juya zai tafi. A rayuwata ban taɓa kiran mai saye ya dawo ba, amma ranar na kira. Ɗan Dolores ne, a hannuna ya yi tatata. Na ce, "Zo, na rage maka. Bar shebur, bar bin gidaje. Ranar Juma'a ka zo cin kifi a coci, kowa yana nan. Ka tashi ka faɗa sau ɗaya. Daga nan ba na sauka."

Ya ce zai zo.

Lokacin azuminmu ne na kafin Ista, duk Juma'a ana soya kifi a ɗakin taro na ƙarƙashin coci. 'Yan takara duk suna zuwa su sayi faranti, amma wanda yake namu ba ya zama. Matan kicin suna miƙa masa farar rigar girki ya ɗaura, ya tsaya yana zuba wa mutane. Dolores ce mai miƙa rigar, kuma shekara da shekaru ɗanta take miƙa wa.

Lenny ya shigo. Hayaniya ta ragu. Fada, limamin cocinmu, ya miƙa masa makirufo. Na ga ya kalli uwarsa da ke tsaye a ƙofar kicin da rigar a kafaɗarta. A raina ina cewa, faɗi mana yaro, faɗi mu wuce wurin. Ya buɗe baki.

"Jama'a, na san wasu ransu ya ɓaci a kan abin da ma'aikatan tsafta suka yi. Idan akwai wanda bai fahimci manufar ba, ofishina a buɗe yake. Dole birninmu ya ci gaba."

Otis ya ɗaga cokalinsa daga baya. "Ranka ya daɗe, mun fahimta sarai. Ma'aikatan tsaftar ne suka yi wa mamarka waya?"

Wasu suka yi dariya, ba mai daɗi ba. Fuskar Lenny ta yi ja. Maimakon ya sauko sai ya hau. Ya ce unguwar da ke ajiye tarkace a titi kada ta yi mamakin an manta da ita. Ya ce shi ya fita daga nan da ƙoƙarinsa. Mutane suka koma kan kifinsu. Dolores ta cire rigar daga kafaɗarta, ta rataye a ƙusa, ta shige kicin. Lenny ya tsaya kaɗan, sannan ya bi layin masu saye kamar kowane baƙo, ya karɓi farantinsa a naɗe ya fita.

Ya faɗi zaɓe. Mu ba likitar muka zaɓa ba, zama muka yi a gida. Ita kuwa ba muguwa ba ce, ba ta san mu ba ne kawai. Maganar rufin kasuwa ta mutu a majalisa. Da sanyi ya zagayo dusa mai nauyi ta rufta da gefe ɗaya, aka rufe kasuwar wai na ɗan lokaci. Yanzu an share filin. A kicin ɗina nake yin firogi, masu so suna ƙwanƙwasa ƙofar baya. Farashina yana nan yadda yake, amma babu mai tsayawa mu yi musu, babu maƙwabciyar rumfa da za mu yi gulmar masu wucewa. Wani lokacin ina farkawa da ƙamshin burodin rumfar kusa da tawa a hancina.

Dolores ba ta daɗe ba ta rasu. An sayar da gidan ga wasu matasa masu kirki waɗanda ba su san sunan kowa ba. Lenny ya koma wani gari a gaba, yana aikin inshora.

Amma yana zuwa. Duk lokacin da dusa ta sauka sosai, sai in ga wata mota ruwan toka ta shigo layin a hankali. Ta wuce gidan uwarsa, ta kai ƙarshe, ta juyo. Ba ta tsayawa. Bara ina baranda ina share matakala sai ta tsaya a tsakiyar titi, gilashi ya sauka. Gashinsa duk ya yi fari.

"Anti Bernie."

"Lenny."

"Dusar bana da yawa."

"Da yawa."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallona. Leɓensa ya motsa. Na jingine tsintsiya na jira. A kan murhu akwai tukunya tana tafasa, kuma na riga na yanke a raina cewa in ya faɗa, ko a hankali ne, zan ce ya shigo ya ci. Sai wata mota ta zo bayansa ta danna ham. Ya kalli madubi, ya ɗaga mini hannu, gilashi ya hau. Na tsaya har fitilunsa suka sha kwana.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, kuskure ba ya raba mutum da mutanensa, ƙin amsa shi ne yake rabawa. Wanda jama'a suka ɗaga kada ya ji kunyar al'adunsu, ko da a idon baƙo tarkace ne, domin bai san abin da ke rataye a jikinsu ba. In ka ɓata wa mutane, ka je da ƙafarka ka ce ka yi kuskure tun suna jiranka, kada ka aika kyauta a madadin bakinka. Girman kan mutum ɗaya ba shi kaɗai yake cutarwa ba. Lenny ya rasa unguwarsa, mu mun rasa kasuwarmu, kuma abin da aka nema a wurinsa bai fi ƙarfinsa ba.