Hoton da Wening Ta Ɗauka a Ɗakin Bitar Lissafi

Akwai wata baiwar Allah a nan birnin Semarang, sunanta Ratri. Ta shiga kwalejin koyon jinya bayan ta yi shekaru a gida tana jinyar mahaifinta. Hannunta ya iya majinyaci, amma lissafi ya gudu ya bar ta. Ko rabawa sai ta haɗa da yatsu.

Kwalejin tana da ɗaki a bayan laburare domin irinsu. Kowa da kwamfutarsa, ya fara daga inda ya tsaya, ba mai gaggauta shi. Sharaɗi ɗaya ne: wanda bai kammala kafin ƙarshen zango ba, ya tattara kayansa.

Ratri ta ɓoye wa kowa sai Wening, abokiyar ɗakinta, wadda suke cin shinkafa da tempe, wato wainar waken soya, a kwano ɗaya.

"Haba Mbak Ratri, kunyata kike ji?" in ji Wening, don Mbak muke kiran yaya mace a nan. "Tashi mu je in raka ki."

Ta raka ta ɗin. Kafin la'asar, hoton allon Ratri ya shiga zauren ajinsu na waya: mangwaro goma sha biyu, ana so a raba wa yara huɗu. A ƙasa an rubuta, "Ga mai yi muku allura nan gaba."

Wallahi ni da nake ba ku labari sai da abin ya yi mini ciwo. Dariyar aji ba ta ci ran Ratri kamar hoton ba. Daga bayan kafaɗarta aka ɗauke shi, kuma mutum ɗaya ne ya tsaya a wurin.

"Wasa ne fa, Mbak," in ji Wening tana dariya. "Ke ba a yi miki wasa?"

Ratri ta ƙaurace wa ɗakin, zango kuwa bai tsaya jiranta ba. Sai Bu Darmi, malamar da ke kula da wurin, ta tare ta a hanya.

"'Yata, na'urar nan ba ta dariya. Darasinki na nan inda kika bar shi."

Ratri ta koma. Ta faɗi, ta maimaita, ta sake faɗi, har abin ya zauna. Da kyar ta kammala kafin wa'adi.

Zango na biyu aka yi gwajin auna magani, aka ce kowa ya ajiye waya a ƙofa. Wening, wadda komai ƙanƙantar lissafi sai ta latsa waya, ta faɗi warwas. Aka tura ta bayan laburare, inda Ratri ke taya Bu Darmi kula da sababbi.

Wening na ganinta ta rufe allon da tafin hannu.

"Mbak, don girman Allah, kada kowa ya..."

Ratri ta kife wayarta a kan tebur, ta jawo kujera.

"Ɗauke hannunki. Lissafi zan koya miki, kuma ba mai ji a bakina. Amma kwanona, kin gama ci a ciki."

Darasi: Komawa baya don a koyi abin da aka rasa ba abin kunya ba ne, abin kunya shi ne tona asirin wanda ya amince da kai. Ana iya yafe maka, amma ba lallai amana ta dawo ba. Ku tura wa duk ɗalibin da kunya ta hana shi neman taimako.